Sankarar Mama: Yadda Miji Da Mata Za Su Yi Jinyar Tare

Zancenmu na yau na gidan da likita ya ce matar gidan tana da sankarar mama ne, da abin da ya kamata ita da maigidanta su yi daga wannan rana har zuwa ƙarshen magani.

A shekarar 2010, wasu likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa binciken da suka yi a kan matan aure 81 da aka cire wa mama saboda wannan cuta. Wata shida bayan tiyata, kusan kashi 68 cikin 100 na matan sun ce suna jin sun tawaya a matsayinsu na mata, kashi 79 kuma sun ce mu'amalar aure tsakaninsu da mazajensu ta ja baya. Da aka cika shekara uku, kashi 38 cikin 100 ba sa tare da mazajen nasu, wasu an sake su, wasu an rabu.

Matanmu ba sai sun karanta wannan bincike ba kafin su san abin da ya gano. Sun gani a unguwa, sun gani a dangi. Shi ya sa mace za ta ji ƙullutu a mamanta tana cikin wanka, gabanta ya faɗi, ta ɗaura zane ta fito ta ci gaba da girkinta, ta yi wata da watanni ba ta gaya wa kowa ba. Tana tsoron wuƙar likita, amma ta fi tsoron abin da zai biyo baya a ɗakinta. Wannan shirun kuwa shi ke ba cutar damar yin nisa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, ta kuma yi ajalin 670,000. A Najeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata, inda aka ƙiyasta sababbin masu ita kimanin 32,000 a wannan shekarar, da mace-mace sama da 16,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gano suna da ita suna nan da ransu bayan shekara biyar. Cutar ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne zuwa asibiti da wuri, samun magani, da kai maganin ƙarshe. Zuwa da wuri da kai magani ƙarshe kuwa, a cikin gida ake yanke shawararsu, tsakanin miji da mata.

Daga ranar da aka ji ƙullutu

'Yar'uwa, ranar da kika ji wani abu mai tauri a mamanki ko a hammatarki, ki faɗa wa maigidanki a wannan daren. Haka ma idan kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa ba kina shayarwa ba, ko fatar wurin ta yi kauri da ƙananan ramuka, ko wani gyambo ya ƙi warkewa. Kada rashin zafi ya ruɗe ki. Sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo. Kuma yawancin ƙullutun da mata ke ji ba sankara ba ne, amma hannu ba ya iya bambancewa, sai gwaji.

Maigida, amsar da za ka bayar a wannan daren tana da nauyi fiye da yadda kake zato. Idan ka ce "Ki bari mu gani, wataƙila maruru ne," ka ba ta izinin yin shiru. Abin da ya dace ka ce shi ne, "Ki shirya, gobe da safe za mu je a duba." Sau da yawa ma miji ne ke fara jin ƙullutun kafin mai shi. In kai ka ji, kada kunya ta hana ka faɗa.

A asibiti za a duba da hannu, a yi sikanin ko hoton mama, sannan a sa allura a ɗebo ɗan nama daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin naman shi kaɗai ke tabbatar da ko sankara ce. Shirin yaƙi da sankarar mama da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa ma'aunin cewa a kammala duk waɗannan gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Ku riƙe wannan adadi. In kun ga ana ta ɗaga muku rana har ana neman wuce wata biyu, ku matsa, ku nemi a tura ku babban asibiti.

Ku shiga wurin likita tare

Ranar karɓar sakamako, kada ka sauke ta a bakin asibiti ka wuce kasuwa, kada kuma ka tsaya a waje ka bar ta da ƙanwarta. Wanda aka gaya wa yana da ciwon daji ba ya jin sauran bayanin. Likita zai yi ta magana, ita kuwa idonta na kan takardar da ke gabansa, hankalinta na wurin 'ya'yanta. Kai ne kunnenta a wannan rana. Ka tafi da littafi da biro, ka rubuta amsoshin waɗannan tambayoyi: Cutar tana mataki na nawa, daga na ɗaya zuwa na huɗu? Ta taɓa kaluluwar hammata? Wane iri ce, mai bin sinadaran jikin mace ce, ko mai alamar HER2, ko wadda ba ta da ko ɗaya? Da me za a fara, tiyata ko kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sawa a jini? Zagaye nawa za a yi? Za a buƙaci gashi da na'ura? Nawa kowane mataki zai ci?

Tambayar iri tana da muhimmanci domin ita ke nuna maganin da zai yi aiki. Wadda cutarta ke bin sinadaran jiki za a ba ta ƙwaya irin su tamoxifen ta sha shekara 5 zuwa 10. Mai alamar HER2 tana amfana da allurar trastuzumab, wadda akan yi kusan shekara guda ana yi. Don haka kada ku kwatanta maganinku da na wata da kuka haɗu da ita a layi.

Wani abu kuma, maigida: kada ka ja likita gefe ka ce a ɓoye mata. Jikinta ne, ita za ta sha wahalar maganin, kuma wadda ba ta san abin da take yaƙi da shi ba ita ce ke saurin cewa ta gaji. Idan aka zo sa hannu a takardar tiyata, ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta, ka ƙarfafa mata gwiwa. An yi matan da suka yarda a yi musu aiki, miji ya ce ba da yawunsa ba, aka koma gida, aka dawo bayan shekara lokacin da aikin ba zai yi amfani ba. Kada ka ɗauki wannan alhaki.

Ku samu jaka guda ta musamman. Katin asibiti, sakamakon gwaji, hotuna, rasit, sunayen magunguna, duk su zauna a ciki. Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya, domin za a tambaye ku su a duk asibitin da aka tura ku.

Masu kawo magani har gida

Da zarar labari ya fita, za ku ga masu shawara. Gwaggo za ta ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fantsama. Wani zai ce jifa ne. Wata za ta zo da ƙullin sassaƙe da lambar wani mai magani da ya warkar da wance. Yawancinsu da kyakkyawar niyya suka zo, kuma wannan ne ya sa ƙin maganarsu ke da wuya.

Ku san cewa allurar gwaji da tiyata ba sa yaɗa cutar. Abin da ya haifar da wannan zance shi ne mata da yawa ba sa isa hannun likita sai cutar ta riga ta bazu, in suka rasu bayan aiki sai a ɗora laifin a kan wuƙa. Shafe-shafen da ake yi wa mama, musamman masu cin fata, suna buɗe gyambo ne su jawo ruɓa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya wahalar da hanta da ƙoda, alhali su ne gaɓoɓin da ke tace maganin kemo.

Addu'a, sadaka da tofi ba su hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana su ba. Ku yi su ba dare ba rana. Sharaɗin da za ku kafa guda biyu ne: babu abin da za ta sha ko ta shafa sai likitanta ya sani, kuma babu abin da zai sa a ɗaga ranar asibiti. Wannan faɗan naka ne, maigida. Mara lafiya ba ta da ƙarfin musu da surukarta ko da mahaifiyarta. Kai za ka ce, cikin ladabi, "Hajiya, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Za mu nuna wa likita tukuna."

Lissafin kuɗi tun daga farko

Jinyar nan takan ɗauki wata shida zuwa shekara, ban da ƙwayoyin da za a ci gaba da sha. Babban kuskure shi ne a zuba duk abin da ake da shi a zagaye biyu na farko, a zo na uku babu. Kemo da aka yanke a tsakiya wahala ce ba riba. Daga cikin manufofin shirin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya akwai cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu cutar su kammala maganinsu, domin barin magani a hanya yana cikin manyan abubuwan da ke cinye rayuka.

Ku zauna ku biyu ku rubuta kuɗin dukkan matakai, har da na mota, masauki, abinci da gwajin jinin da ake yi kafin kowane zagaye. Sannan ku duba inda za a samo. A kowane asibitin koyarwa akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku je ku yi bayani ba tare da jin kunya ba. Ku tambayi Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 domin marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin Koyarwa na Zariya, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gwambe da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara shirin da su. Mai inshorar lafiya ya je ya tambayi abin da inshorarsa ke ɗauka da wanda ba ta ɗauka. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Medicaid da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa, masu aikin wayar da kai, gwaji da tallafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tara 'yan'uwan ɓangarorin biyu ku gaya musu adadin, a raba, kowa ya san watan da zai kawo nasa. In za a sayar da wani abu nata, ɗan kunne ne ko filin gado, sai da yardarta, kuma bayan kai ka fara taɓa naka. Kada ka riƙa lissafin abin da ka kashe a gabanta. Mace in ta ji ta zama nauyi, ita da kanta za ta ce a bar maganin.

Ku yi shirin gashi da na'ura tun da wuri. Na'urorinsa ba su da yawa, layi yana da tsawo, wani lokaci kuma na'ura kan tsaya. Akan yi shi kullum daga Litinin zuwa Juma'a, mako uku zuwa biyar, don haka wanda ke nesa sai ya nemi masauki. A Arewa akan tura mutane Zariya, Sakkwato ko Abuja. A Nijar kuwa, Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki a 2021. Ku sa suna tun ana kemo, ku kuma riƙa kira kafin ku kama hanya.

Watannin kemo

Galibi ana yin kemo ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku, zagaye shida zuwa takwas. In kun gane yadda kowane zagaye ke tafiya, gida zai iya tsara kansa. Kwanakin farko na tashin zuciya ne da kasala. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 garkuwar jiki ke yin ƙasa sosai. A mako na uku takan ji dama-dama, sai kuma a koma.

A kwanakin farko ƙamshin da take so a da shi zai dame ta. Ana soya albasa a tsakar gida, ita tana ɗaki tana yunƙurin amai. Turaren wuta da humra ma haka. Ku dakatar da su, a matsar da murhu nesa da tagarta. A ba ta maganin hana amai a kan lokacin da likita ya rubuta, kada a jira sai aman ya zo. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi kwano guda: kunu, koko, fate, farfesun kaza ko kifi, dafaffen ƙwai, alale, da ruwa mai tsafta da yawa. Nonon da ba a tafasa ba, ɗanyen ganye da tsiren bakin titi su jira sai an gama. In bakinta ya yi gyambo, a rage yaji, ta riƙa kurkura da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye kusa da gado. Idan zafin jikinta ya kai 38, ko tana rawar sanyi, ku tafi asibiti a take, ko da ƙarfe biyun dare ne, ku kuma faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan kemo. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a aika yaro kyamis, kada kuma a ba ta farasitamol a jira gari ya waye. A lokacin da garkuwa ta faɗi, ƙaramar cuta tana iya zama babba cikin 'yan awanni. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro.

Dubiya zumunci ce, amma ɗaki cike da mutane a mako na biyu haɗari ne. Maigida, kai ne mai tsaron ƙofa. Mai tari ko mura ya gaishe ta ta waya. Sauran su shigo biyu-biyu, su wanke hannu, su yi addu'a su tashi.

Sai zubewar suma, wadda kan fara mako biyu zuwa uku bayan zagaye na farko. Wata safiya za ta tsefe kitso ta ga gashin yana biyo matsefi dam-dam, ta tsaya da shi a tafin hannu ta rasa inda za ta sa. Mata da yawa sun fi kuka a wannan rana fiye da ranar sakamako. Ku riga ranar: ta rage sumar tun kafin ta fara zuba, kai kuma ka sayo mata huluna masu laushi da sababbin ɗankwali. In ta cire ɗankwali a gabanka, kada ka kawar da kai. Sumar tana dawowa bayan an gama magani. Farce da tafin hannu ma kan yi duhu, shi ma yana washewa.

In azumi ya riske ku a tsakiyar magani, ku tambayi likita da malami. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame ta sha ta rama daga baya, kuma jikin da ke karɓar kemo yana buƙatar ruwa.

Tiyata, tabo da shimfiɗa

Ba kowace mace ake cire wa mama gaba ɗaya ba. In an zo da wuri, wani lokaci ƙullutun da abin da ke kewaye da shi kawai ake cirewa, a bi da gashin na'ura. In kuwa likita ya ce sai an cire duka, to rai ake ceto.

Za ta dawo gida da ɗinki a ƙirji da 'yar robar da ke zuƙe ruwa daga wurin na wasu kwanaki. Ka sa ma'aikatan jinya su koya maka yadda ake juye ruwan da auna shi. Za a koya mata motsa hannu, irin su tafiya da yatsu a jikin bango zuwa sama, ka riƙa tuna mata kullum don kada kafaɗar ta sandare. Daka, jan guga, wanki da ɗaukar kaya mai nauyi a ɗauke mata har sai likita ya ba da izini. In an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangaren yana iya kumbura ko bayan watanni, don haka ta kiyaye shi daga yanka da ƙuna, in kuma ya fara nauyi ko awarwaro ya matse ta, a koma asibiti.

Ranar da za a fara buɗe wurin tana da wuya gare ku duka. Ka tambaye ta ko tana so ka kasance a wurin. In ta ce a'a, ka ba ta lokaci. In ta ce e, ka sani fuskarka za ta kalla, ba ƙirjinta ba. Za ka ga layi guda a kwance inda mama take a da. Ka daure fuskarka ta zauna daidai, ka kama hannunta, ka ce, "Alhamdu lillahi da aka raba ki da shi. Ke nake so, kuma kina nan." Kada ka ce ba komai ba ne, domin a wurinta abu ne babba. Akwai mamar roba da ake sawa cikin rigar mama, tela mace ma za ta iya ɗinka aljihu a ciki a cusa auduga mai laushi, kaya su zauna mata daidai.

Game da shimfiɗa, ga abin da ya tabbata. Sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko ta kwanciya, ko ta kwano, ko ta tufafi. Wadda aka yi wa gashi da na'ura ba ta ɗauke da wani abu da zai cutar da kai ko yara. Babu dalilin raba ɗaki. Amma magani yana kawo gajiya, raguwar sha'awa, bushewar gaba da jin zafi na tasowa a jiki. Wannan aikin magani ne, ba ƙi ba ne. Shi kuma miji sau da yawa yana ja da baya ne don tsoron kada ya fama mata ciwo, ita kuma ta ɗauka ƙyama ce. Kowa ya yi shiru da nasa zaton, tazara ta yi ta faɗi. Maganinsa magana ce. Ka ce, "Ina tsoron kada in ji miki ciwo, ki gaya mini inda zan kiyaye." Ke ma ki faɗi abin da kike iyawa da wanda ba ki shirya masa ba. Ku fara da zama kusa, hira, matsa mata ƙafa. Don bushewa, a nemi man da ake sayarwa a kantin magani mai tushen ruwa. Kayan mata na sha da na matsi a ajiye su gaba ɗaya, domin ba a san abin da ke cikinsu ba, fatar wurin kuma ta yi laushi. A kwanakin farko bayan kowane kemo a yi amfani da kororon roba.

Ɗaukar ciki a lokacin kemo ko shan tamoxifen haɗari ne ga jariri, kuma ɗaukewar al'ada ba ta nufin ciki ba zai shiga ba. Ƙwayoyi da alluran tazarar haihuwa masu sinadari galibi ba su dace da mai wannan cuta ba, don haka ku nemi likita ya zaɓa muku hanyar da ba ta da sinadari. In kuna fatan ƙarin haihuwa, ku faɗa kafin a fara magani, domin kemo yana iya taɓa haihuwa. Mai shayarwa kuwa sai ta yaye kafin a fara.

Yara, dangi da abokiyar zama

Ita ke da ikon cewa wa za a gaya wa. Kada ka kai zancen majalisa ba da saninta ba. Amma yara a gaya musu daidai hankalinsu, domin suna gani, kuma in ba ku faɗa ba za su ji a bakin maƙwabta. "Umma tana da ciwo a ƙirji, likita yana ba ta magani mai ƙarfi, zai sa gashinta ya zube, amma zai dawo. Ba laifin kowa ba ne, kuma ba a ɗauka." Kada a cire babbar 'ya daga makaranta a mai da ita uwar gida. A nemo wata babba daga dangi, a raba aikin. In a danginta an taɓa samun masu sankarar mama ko ta ƙwan mace, a gaya wa likita, domin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu cutar gado suka yi, kuma 'yan'uwanta mata za su amfana da gwaji da wuri.

In ta fi son yin jinya a gidan iyayenta, babu laifi, amma tafiyarta ba ta sauke maka nauyi ba. Kuɗin magani, rakiya asibiti da zuwa kullum suna kanka. Inda akwai abokiyar zama, kwanan mara lafiyar yana nan ko ba ta iya girki, ka shiga ɗakinta ka kwana. Abokiyar zaman da ta riƙe yara ta ɗauke girki ta yi abin da ba a mantawa, ka gode mata a fili. Maganar ƙarin aure kuwa, halal ce, amma lokacin da matarka ke kwance da robar tiyata a ƙirji ba lokacin haɗa lefe ba ne. Labarin kaɗai ya isa ya karya mata zuciyar ci gaba da magani.

Bayan "da sauƙi"

Duk wanda ya ce mata "Ya jiki?" za ta ce "Da sauƙi." Kai kada ka tsaya a nan. In dare ya yi, yara sun kwanta, ka tambaye ta abin da ya fi damunta yau, ka saurara ba tare da ka katse ta da "ki yi haƙuri" ba. Kuka ba rashin tawakkali ba ne. In ka ga ta yi sama da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ta son ganin kowa, ko tana cewa gara ta mutu, ka gaya wa likitanta, domin ciwon damuwa yana da magani. Haɗa ta da wata da ta gama jinya ta warke yana yin abin da bakinka ba zai iya ba. Irin waɗannan mata suna nan. Betty Anyanwu-Akeredolu an gano tana da cutar a 1997, ta yi magani, ta kafa ƙungiyar yaƙi da sankarar mama ta BRECAN a Ibadan, ta kuma shafe shekaru fiye da 20 tana wannan aiki.

'Yar'uwa, ke ma kina da naki. Maigidanki ba ya karanta zuciya. Ki ce, "Baban yara, yau ina so ka zauna kusa da ni," ko "Yau a bar ni in huta." In kin ga ya yi shiru ko ya cika fita, wataƙila tsoro ne da neman kuɗi, ki tambaye shi kafin ki yanke hukunci. Kai kuma maigida, ka samu amini ɗaya ko malami da za ka riƙa sauke masa abin da ke ranka, ka ci abinci, ka yi barci, ka karɓi taimako in an miƙo. In ka faɗi, ku biyu ne a kwance.

In likita ya ce cutar ta kai mataki na huɗu, hakan ba ya nufin a naɗe hannu. Akwai magungunan da ke rage mata gudu, akwai masu kashe raɗaɗi har da mofin, akwai kulawar gyambo. Ku nemi sashen da ke kula da sauƙaƙa wa masu doguwar jinya, kada a bar ta da ciwo a ɗaki.

In kuma an gama lafiya, ku riƙe ranakun komawa asibiti, ta ci gaba da duba ɗaya maman, ta sha ƙwayarta kullum har ƙarshen shekarun da aka ɗiba ko da tana jin garau. Ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tari mai naci, sabon ƙullutu ko zubar jinin da ba na al'ada ba, a kai wa likita ba jinkiri.

Wanda kuma wannan jarrabawa ba ta shigo gidansa ba, akwai abin da zai yi tun yau. Ka zaunar da iyalinka ka gaya mata da bakinka cewa duk ranar da ta ji wani abu a jikinta ta faɗa maka, za ka kai ta asibiti, kuma ko me likita ya ce kana tare da ita. Macen da ta taɓa jin wannan daga bakin mijinta ba za ta ɓoye ƙullutu wata shida ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya ba masu jinya juriya da lada.